Siririyar Layin Baya

An ɗauke wuta, muka matsa jikin Yaya Saudatu, 'yar baffanmu wadda take zanen hotuna. Ta rage murya.

"Kun san ƙanwata Ummita ta yi makarantar bale a Kaduna, rawar nan da ake yi a kan yatsun ƙafa. Ni kuma nakan bi ta ina zana 'yan matan, saboda littafin labari mai hotuna da nake haɗawa.

"Ana gab da zaɓen wadda za ta ja gaba a wasan ƙarshen shekara, Ummita ta gurɗe. Malama ta ce ta haƙura. Yarinyar nan ta daina cin abinci. Kullum sai ta je ta zauna tana kallo.

"Wata magariba ina jiran ta a bakin ƙofa, ina duba zanena. Sai na lura da wata siririya a layin baya cikin zanen. Kowa in ta gaji takan sauke dunduniya. Ita ko wajen shan ruwa a kan yatsu take. Ba wanda ya damu, don a can abin yabo ne.

"Na nuna wa mai gadi zanen. Ya ce, 'Ban san ta ba. Ƙanwarki kaɗai ta rage a ciki.'

"Na ruga. Ɗakin rawar, mai madubi cike da bango, ba fitila. Ummita na zaune a ƙasa. Siririyar ta tuɓe takalmanta, ta durƙusa tana ɗaura mata na hagu. Na dubi ƙafar siririyar. Kofato ne.

"Na ce, 'Ummita, cire.'

"Ta ce, 'Yaya, ba zafi. Wallahi ya daina. Ki bar ni in yi wasan nan kawai.'

"Siririyar ba ta juyo ba. Daga cikin madubi muryarta ta fito. 'Saura ɗaya.'

"Na kama igiyar takalmin, ƙulli ya ƙi. Addu'a ta kakare mini. Rezar fiƙe fensir na lalubo, na yanke har da fata. Na saɓa Ummita a kafaɗa, tana dukana tana roƙo."

Ƙaramarmu Lantana ta ce, "To ta warke?"

"Targaɗen ya warke. Dunduniyar hagun ce ba ta ƙara taɓa ƙasa ba. Ɗingishin da kuke gani ke nan. Kuma har yau cewa take da na bar ta ta sa na biyun."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Duk inda madubi ya cika bango, kada magariba ta same ki ke kaɗai. Ki jira a fita tare."