Mai Gadin Fitilar Bakin Tafki

"Talata ce, sha huɗu ga Afrilu, 1987. Gari ya waye ba iska, ko ganye ba ya motsi."

Haka Yaya Lantana, 'yar wan babanmu, ta fara. Mun idar da isha'i, ni da ƙanwata Ladidi muna zaune a tabarmarta.

"Lokacin ina aikin ungozoma a wani ƙauye kusa da Tafkin Chadi. Wata bakwai ba wanda ya rubuto mini ko layi ɗaya. Daga tagata ina hango wata tsohuwar hasumiya bayan tuddan yashi. Da can a kanta ake kunna wa jirage fitila, kafin ruwa ya janye ya bar ta. Masunta suka ce ba a zuwa can mutum ɗaya."

"Shi ne kika tafi," in ji Ladidi. "Boko dai!"

"Na tafi. Yashi na haɗiye ƙafata har idon sawu. Ƙarangiya ta cika mini zane. Ba tsuntsu, ba akuya, sai ɓawon katantanwa fari fat. Rana na tsaka na isa. Na yi sallama, don haka aka koya mini ko a kango."

Ta dube mu, ta rage murya.

"Aka amsa."

Ladidi ta matso jikina.

"Wani dattijo ya sauko daga matakala, da tsohon kaki. Muryarsa kamar daga rijiya. Na duƙa in gaishe shi, sai na ga ƙafafunsa. Jiƙe suke sharkaf. Ruwa na ɗiga, ga laka tsakanin yatsu. Tafki kuwa na can nesa, tafiyar yini.

"Ya ce, 'Yarinya, ke aka aiko ki canje ni?'

"Na ce, 'A'a, Baba. Kallo na zo.'

"Ya ce, 'Wanda ya karɓi ashana shi ke gadin fitila, har sai wani ya zo. Ni na karɓa. Ba wanda ya zo.' Ya dube ni. 'Ke ma ba mai jiran ki. Na sani.'

"Ya miƙo ashanar. Wallahi hannuna ya tashi da kansa. Na ji ko na zauna nan, ba wanda zai tambaya. Sai na lura da hagu yake miƙowa. Kun san Inna Kande, kakarmu, da muciyarta in yaro ya bayar da hagu. Bakina ya riga ni: 'Baba, da dama ake bayarwa.'

"Ya dubi damarsa. Wasiƙa ce a ciki, a damƙe. Ba zai iya riƙe biyu ba, ba zai ajiye ta a ƙasa ba. Ya daɗe tsaye. Sannan ya miƙo damar.

"Ya ce, 'To kai wa Hajjo. Don ta san ban gudu ba.'

"Na karɓa. Ban waiwaya ba har ƙauye. Kada ɗayarku ta taɓa bin yashin nan ita kaɗai. Ashanar tana hannunsa har yanzu."

"Wasiƙar fa?" na tambaya.

Ta ɗaga matashinta. Ambulan ne ruwan ƙasa, an rubuta Hajjo matar Ilu mai fitila, Damagaram. Na taɓa. Da danshi.

"Shekara goma sha tara, Yaya! Amanar mutane?" na ce.

"Duk garin da aka mayar da ni, da asuba sai in tarar da sawu jiƙe a bakin ƙofata. Zuwa yake ya ga ko na aika." Ta gyara ɗankwalinta, ba ta dube mu ba. "Shi kaɗai ke zuwa ƙofata, Tabawa. In na aika, ya daina."

Na sunkuyar da kai. Unguwa ɗaya muke da ita, amma rabona da gidan tun ƙaramar salla.

"Hajjon ma ai ta jira," Ladidi ta ce a hankali.

A nan muka kwana. Da safe na tsallake sawun da ke bakin ƙofa, na raka ta gidan waya. Ta sayi kan sarki, ta manna da kyau, ta daɗe hannunta a bakin akwatin. Sannan ta saki.

Na waiwaya da muka kai titi. Sawu biyu jiƙe na gaban akwatin, rana tana busar da su. Ba su biyo mu ba.

"Gobe da asuba zan zo, Yaya," na ce.

"Ki ƙwanƙwasa," ta ce. "Shi bai taɓa ba."