Koren Mai a Ƙafafun Fara

Baba Direba ya ɗaga motar zuwa ƙirjinsa, ya sake ta a kan tebur, kamar yadda yake yi duk safiyar tsere. Da lafiya take, da ta sauka ta lafe wuri guda. Sai ta yi tsalle, ta sake yin wani, ta karkace ta tsaya a bakin tebur.

"An taɓa mini Fara," ya ce.

Fara ƙaramar motar tsere ce, ba ta wuce kamu ɗaya ba, irin wadda ake tuƙawa da rimot a kan turɓaya da tudu. Shekara uku ba a taɓa wuce ta ba a ƙungiyarsu. Kowa ya yarda sirrin yana cikin koren man da ke shakazobarta huɗu, masu rage girgiza a ƙafafunta, wanda Baba ya ƙi faɗa wa kowa haɗinsa.

Ya kwance murfin guda ɗaya, ya ɗiga a farcensa. Mai ne fari, tsinkakke kamar ruwa. Koren ya tafi.

Ɗakin ajiyar motocin yana bayan shagon Sifana, mai gyara wa 'yan ƙungiya motocinsu. Mabuɗi uku ne da shi: na Sifana, da na 'yan ƙungiya biyu, Tela da Mai Aski. Ba a fasa kwaɗon ba.

"Ban da ni, kai kaɗai kake buɗe cikin Fara," Baba ya ce wa Sifana. "Ajiye mabuɗin nan. In an tashi daga tseren yau zan gaya wa kowa, mu ga mai sake ba ka motarsa."

Sifana ya ajiye mabuɗin. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Yayarsa tana zaune a kan benci, ta zo karɓar fankarta da ta kawo gyara, ya yi wata biyu yana cewa gobe. Nas ce. Ba ta san komai game da motocin nan ba, hasali ma takan ce wasan yara ne ya faɗa hannun masu furfura. Amma mace ce da ba ta iya ganin abu a rufe ta wuce, ko takardar cikin kwalin magani sai ta karance ta tas. Kuma ta san ƙaninta: yana da jan aiki, amma ba ya ɗauke-ɗauke.

"Baba, saura nawa a fara?"

"Awa biyu."

"Ara mini ɗaya."

Baba ya yi tsaki ya fita filin tsere. Ta jawo Fara gabanta.

"Mene ne aikin man?"

"Sifirin ke shanye duka in mota ta diro," Sifana ya ce. "Mai kuma ya hana shi dawowa da ƙarfi. In ya yi kauri mota ta ƙage, in ya tsinke ta yi ta tsalle."

Ta shinshina farin man. "Man keken ɗinki ne wannan."

"To, Tela ke nan."

"Kar ka yi sauri. Da me Mai Aski yake shafa wa injin askinsa?"

"Shi ma da irinsa," Sifana ya ce. Ta kara wata shakazobar a kunne, ta danna, ta saki. Ba ta ji ƙara ba.

"Babu iska a ciki?"

Ya karɓa ya gwada. "Ko kaɗan. An cika, an tsayar da ita har kumfa ta gama tashi, sannan aka rufe. Kowace ɗaya minti goma."

"Kamar yadda muke yi wa sirinji," ta ce, abin ya burge ta. "Mai son ɓarna ba zai tsaya minti arba'in yana jiran kumfa ba. Koren yake so, kuma bai iya barin mota a wulaƙance ba. Me kuma ya canja?"

Sifana ya juya motar. Kowane sifirin yana da zoben da ake murɗawa a danne shi ko a sassauta. Ya ƙirga da farce, ya sake ƙirgawa.

"Daidai suke, Yaya. Hagu da dama."

"Ba haka ya kamata ba?"

"A kowace mota, i. Ban da Fara. Na dama sun fi na hagu da murɗa uku, ni nake sa su. Filinmu kwanar hagu bakwai ce, ta dama biyu. In mota ta sha kwanar hagu, nauyinta a dama yake sauka."

Ta ɗan yi tunani. "Mayar da su yadda ka saba. Ka kira mini Tela."

Tela ya shigo da tef a wuya. Ta miƙa masa Fara, wai ya riƙe mata ta gyara zama.

"Ina mabuɗinka?"

"Ga shi a ƙuguna, ko wanka da shi nake shiga."

"Ka shigo nan jiya?"

"Jiya ina kan keke tun safe, kayan makaranta talatin. Tambayi maƙwabtana."

"An zuba man keke a motar nan."

"Subhanallahi! Ina da shi, ba zan ɓoye miki ba. Amma Anti, ni in zuba wannan a shakazoba?" Ya duba motar, ya yi dariya. "Har yanzu dai Baba yana nan da ɗingishinsa."

"Wane ɗingishi?"

"Dama ta fi hagu. Idona na awo ne, tun bara na gani. Na tambaye shi, ya ce in kula da allurata."

Ya ajiye motar yadda aka ba shi. Ta sa aka kira Mai Aski, aka kira Baba kuma.

Mai Aski mutum ne tsaf-tsaf, ko gashin girarsa ba ya fita layi. Shekara uku shi ke zuwa na biyu. Ta miƙa masa Fara kamar yadda ta yi wa Tela.

"Ka shigo nan jiya?"

"Da la'asar. Na ɗauki butar yayyafa wa fili ruwa, na fita."

"Minti nawa?"

"Biyu, ko uku."

"Wa ya gan ka?"

"Sifana ya tafi sayen taya lokacin."

Tana tambaya, amma ba fuskarsa take kallo ba. Yatsunsa sun sami zoben dama na gaba. Murɗa ɗaya, biyu, uku. Suka koma na baya. Sannan ya ɗaga motar daidai idonsa, ya rufe ido ɗaya, ya ɗan karkata kai, yadda yake duba sajen mutum kafin ya cire masa mayafi.

"Me ka yi yanzu?" ta tambaye shi.

Ya kalli hannunsa. "Ba su yi daidai ba ne."

"Haka ka gani jiya ma." Ta juya ga Baba. "Wanda ya zuƙe man sai da ya cire sifirin, ya mayar. Da ƙanina ne, da ya mayar da murɗa ukunsa, kuma ga man shakazoba na gaske a kan kantarsa, me zai kai shi man keke? Da Tela ne, ya san da ɗingishin, da ya bar shi. Mutum ɗaya ne ya ɗauka kuskure ne ya gyara, don shi sana'arsa ita ce kada hagu ta fi dama. A buɗe motarsa."

Sifana ya kwance murfin shakazobar Mai Aski. Ɗigon da ya sauka a farcensa kore ne shar.

Mai Aski ya zauna a kan benci, kunya ta rufe shi. "Baba, shekara uku ina shan ƙurarka. So nake in ji yadda man nan yake, sau ɗaya tak. Na yi niyyar mayarwa."

"Ka bar ni ina zagin bawan Allah?" Baba ya yi ajiyar zuciya, ya sosa ƙeya. Ga mamakinta, shi ma kunyar yake ji. "Sifana, gaya masa abin da ke cikin man."

"Ka ce in rufe bakina, Baba."

"Na buɗe maka."

"Man kowa ne," Sifana ya ce. "Wanda nake zuba muku duka. Ɗigon launi kawai ake sawa, don ku yi ta kallon mai ku bar kallon sifirin."

Tela ya riƙe ciki don dariya. Mai Aski ya buɗe baki ya kasa rufewa. Sau biyu sirrin yana shiga hannunsa, sau biyu yana warware shi da yatsunsa.

"Yau ba ka tsere," Baba ya ce masa. "Ka yayyafa ruwa, ka yi kallo."

Sannan ya ɗauki mabuɗin daga tebur, ya miƙa wa Sifana da hannu biyu. "Ɗana, na ci maka mutunci kana riƙe mini amana. Ka yafe mini. A gaban kowa zan maimaita."

Sifana ya karɓa, ya goge ido da bayan hannu, ya duba agogo. Saura minti hamsin, ga shakazoba huɗu. Ya wanke ta farko, ya cika ta, ya miƙa wa yayarsa.

"Riƙe ta a tsaye, Yaya. In kumfa ta ƙare ki gaya mini."

Ta ɗaga ta wajen hasken taga, tana kallon ƙananan kumfa suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Ta manta da fankar gaba ɗaya.