Ɓaraguzan Safiyanu Sun Biyo Shi Gida

Ku matso ku ji, wallahi da zafinsa na kawo! Kun san Safiyanu, baban Zuhaira 'yar ajinmu, mai toshe hanci in ya ga masu kwasar shara? To, tsohon shagonsa ya rushe. Matarsa Rahamatu ta ce ya bari sai da safe, ba a zuba kaya a juji da almuru. Ya ce zancen ƙauye ne. Amalanke uku ya sa aka kai, bai ma ƙarasa ramin da magajin gari ya ware ba. A gindin aduwa ya juye, ko bismilla babu.

Washegari da magariba Rahamatu tana tankaɗe, gida shiru, sai ƙwal a kan rufin kwano. Ta ɗauka ta duba: guntun bulo ne, da shuɗin fentin shagonsu. Wani guntun ya faɗo cikin tukunya. Kwana uku ana haka. A na huɗu Zuhaira ta zauna bakin murhu, ta daina gane uwarta.

Aka kira Malam Ila mai ruƙiyya. Ya yi ta karatu har yarinyar ta ɗago kai, sai muryar tsohuwa ta fito. Ta ce tun garinmu Tanut na 'yan bukkoki take gindin aduwar nan. Ta haƙura da ledarmu da tokarmu, tunda ɗan Adam ba abin da ya iya sai ƙazanta. Amma wannan ya toshe mata ƙofa, jikokinta suna ciki.

"Tarkacensa nake mayar masa, malam. Ranar da na gama, yarinyar tawa ce."

Rahamatu ta ƙanƙame ƙafar 'yarta. Safiyanu ya ce zai yanka rago. Tsohuwa ta ja tsaki, ta ce ya ci abinsa. Ya ce zai tura lebura ya kwashe ɓaraguzan daga gindin aduwar.

"Da kansa. A kansa. Ranar kasuwa."

Malam ya roƙa a bar Safiyanu ya ja amalanke, ta ƙi. Gammo kawai ta yarda masa.

Haka ya wuni yana jigila da daro, masu shara na zaune suna yi masa sannu da aiki. Daron ƙarshe na sauka a rami, Zuhaira ta yi atishawa, ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Yanzu ko ɓawon gyaɗa zai yar, sai ya yi sallama.