Sunan da Ke Layi na Huɗu

Bayan isha'i ne, ana yayyafi. Na baro Basawa ɗauke da buhu, a ciki akwai farantin tagulla mai sunayen sojojin da suka mutu a Burma. Daga jikin dutsen tunawa na ɓamɓaro shi. Ban taɓa sata ba. Amma 'yata Dinatu kwana uku ke nan zazzaɓi bai sake ta ba, kuma wani mai sayen ƙarafa a Sabon Gari ya ce in kawo, in sami na allura.

Na sauke don in huta, kaya suka ƙi ɗaukuwa. Ina ta kokawa, ina hawaye.

"Samari, ka iya karatu?"

Wani dogon soja ne tsaye a bayana. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi, muryarsa kamar daga rijiya.

"Kaɗan, Baba. Aji biyu na yi."

"To duba min abin da ke buhun nan. Ni ban yi ko ɗaya ba."

Na ƙyasta ashana, ina bin baƙaƙen da yatsa. A layi na huɗu na haɗa: "Ba-ƙo Gi-wa."

"Ashe sun rubuta ni," in ji shi a hankali.

Kafin ashanar ta mutu na kalli ƙasa. Taɓo ko'ina, amma babu sawunsa.

Ya sunkuya, ya ɗora min buhun a ka, ya gyara min gammo.

"Yi sauri. Dinatu na kiranka."

Ban taɓa faɗa masa sunanta ba.