Jar Fitilar Runa

Ranar da Eskil ya fara ganin Runa, ina wurin, ina ninke tawul a bayan fage. Shekara goma sha tara ina wanki a gidan talabijin ɗin nan, don haka kada wani ya gaya mini yadda aka yi.

Runa kurma ce tun tana shekara uku. Ta ɗaga ƙarfe har kafaɗunta suka cika ƙofa, ta ci gasar nuna ƙwanji sau biyu, sannan aka ɗauke ta a shirin Asabar, inda ake faɗa da sanda a kan dandamali mai tsayin bene uku, kowa da igiya a ƙugu. Sauran suna jin usur ɗin alƙalin wasa. Ita kuwa ba ta tsayawa sai an kunna mata jar fitila daga ƙasa. Aikin da aka ɗauki Eskil ke nan, wani siriri mai kunnuwa fato-fato.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta rubuta a waya ta miƙa masa: "Tsinke, in ka ƙifta ido wani zai karye." Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Kafin ƙanƙara ta narke ya koyi maganar hannu, ko da yake kwaɓa ta yake yi. Saƙonninsu kuwa, laifina ne in an bar waya a buɗe kan tawul?

"Kurciyata, kin karya?"

"Ƙwai takwas. Kurciyar da za ta ɗaga ka da hannu ɗaya."

"To ɗauke ni ki kai ni gidanku."

Ta kai shi. Babanta Torvald, wanda ya riƙe fitilar shekara shida kafin idonsa ya raunana, ko kofi bai zuba masa ba. Ya ce mai so ba ya riƙe fitila, tsoro zai sa ya kunna kafin lokaci. "Ranar da ka kunna ba a busa ba, kun rabu." Runa ta karanta leɓensa, ta gyaɗa kai.

Ranar wasan ƙarshe ta zo. Da wata malamar makaranta aka haɗa Runa, sunanta Majken. Runa ta kora ta har bakin dandamali, ta ɗaga sanda za ta tunkuɗa ta ƙasa. Ba a busa ba. Sai ga jar fitila.

Runa ta sandare. Majken ta narka mata sanda a fuska. Muka ga Runa tana lilo a igiya, jini na ɗiga.

A ranar aka sallami Eskil. Ya yi ta rantsuwa cewa ya ga ƙugiyar igiyar Majken a buɗe, manya suka ce ƙarya yake yi. Ya je gaban Runa yana ta magana da hannu, ta rufe ido, kuma kurma in ta rufe ido ta gama da kai.

Bayan kwana tara na tsinci ɗamarar da aka maƙala wa Majken igiya a ƙasan kwandon wanki, an cusa ta cikin tawul. Ban san wa ya ɓoye ta ba, amma zatona na kan manyan gidan. Na sa a jaka, na dire wa Torvald a kan tebur. Ya taɓa ƙugiyar da yatsa ɗaya, ta wangale. Sai ya buga ƙafa a daɓen katako, yadda yake kiran 'yarsa.

"Da ni ne a ƙasa, da ban gani ba," ya ce mata da hannu. "Da kin kashe ta."

Runa ta rubuta wa Eskil: "Tsinke, kana ina?"

"Tashar jirgi."

"Kada ka hau."

An ɗaura auren a watan Yuni, a ƙaramin cocin bakin tafki, amarya da karkataccen hancinta. Majken ta zo da 'ya'yanta mata biyu, suna ta guje-guje tsakanin kujeru. Runa ta bi su da ido har aka manta da yanka kek, sannan ta damƙe hannun angonta har ya yamutsa fuska. Bai janye ba.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba Tsinke ƙashi mai ƙwari.