Tauraron da Aka Hana Ratsa Bango

Shekarar da aka kawo kwamfuta ta farko makarantar da Malam Iliyasu ke koyar da lissafi a Birnin Kudu, shi aka damƙa wa makullin ɗakinta. Wata Alhamis da yamma ya tsaya ya ƙarasa wani wasan kwamfuta da yake haɗa wa ɗalibai, kafin ya hau babur ya tafi gida Gwaram.

Wasan ba wuya. Bangaye ne ya jera da harafin X, sai ɗan tauraro mai neman hanyar fita. Matsalar ita ce tauraron ratsa bango yake yi abinsa. Malam ya rubuta masa doka: kafin ka motsa, duba gabanka, in bango ne ka tsaya.

Ya gwada. Tauraron ya kai bango, ya tsaya cak.

Ƙum! Wani abu ya bugi bangon ɗakin ta gabas.

"Barau, kai ne?" ya kira maigadi.

Can cikin gari ladan ya fara kiran magariba.

Ya ɗauke hannunsa daga maɓallan. Tauraron ya ja baya da kansa, ya sake rugowa. Ƙum! Ɓarɓashin siminti ya zubo masa a kafaɗa. Wari ya cika ɗakin, irin na kogon dutsen da jemagu ke kwana.

Ya fizge wayar wuta. Gilashin kwamfutar bai mutu ba.

Taurarin sun zama da yawa, sun yi layi a jikin bango guda, manya da ƙanana.

Ya ruga ƙofa. Hannunsa ya shafi bango mai sanyi. Ya laluba dama, ya laluba hagu. Babu ƙofa, babu taga.

Numfashi ya fara yi masa wuya.

"Malam," wata murya ta raɗa a ƙeyarsa, muryar tsohuwa. "Ka toshe mana hanya. Da yara muke."

Bayan bango wani jariri ya tsala kuka.

Ya rarrafo gaban na'urar, bakinsa na neman addu'a tana kuɓuce masa. Yatsunsa na kuskure maɓalli. Bangon gabas ya tsage.

Ya goge dokar.

Iska mai sanyi ta ratsa ƙirjinsa ta fita ta baya. Wata ta biyo, wata ta biyo. Ta ƙarshe ƙarama ce, iya gwiwarsa.

Barau ya tsince shi a baranda, babu takalmi, haƙora na haɗuwa. "Subhanallahi! Malam, me ya same ka?"

Bai iya amsawa ba sai ran Asabar.

Bayan shekaru, da ya tashi kewaye gidansa da katanga a Gwaram, ya sa aka bar giɓi a gefe guda. Badaru magini ya ce, "Malam, nan gabas fa awaki za su riƙa shigowa."

"Su shigo," in ji shi. "Bar wurin a buɗe."