Layi na Goma Sha Biyu

Akwai wata yarinya da kowa a gidansu yake kira Likita. Tun tana ƙarama take ɗaure wa kyanwar gidan ƙafa da tsumma, wai ta yi mata magani. Da ta gama sakandare, jami'a ta ɗauke ta.

Amma da sauran mataki ɗaya. Kowane sabon ɗalibi sai ya yi jarrabawar tantancewa. Wanda ya sami maki saba'in cikin ɗari, ya wuce sashen da ya zaɓa. Wanda ya gaza, sai ya yi shekara guda a ajin share fage.

Kakanta tsohon malamin lissafi ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa kafin ya yi ritaya. Shi ya shirya ta da kansa, a kan teburin falo.

Ranar jarrabawa ya raka ta har bakin ƙofa.

"In kin gama, ki koma farko ki duba," in ji shi.

"Kaka, sau goma ke nan kana faɗa!"

"To, ga na sha ɗaya."

A zauren jarrabawa aka ba kowa takarda biyu. Ɗaya ta tambayoyi ce, guda sittin. Ɗaya ta amsa ce, mai layuka sittin. Kowane layi yana da 'yan da'irori huɗu da ake cikewa da fensir.

Tambayoyin ba su ba ta wahala ba. Ta goma sha biyu ce kawai ta tsaya mata. Ta zagaye ta da fensir, da niyyar za ta dawo. Ta ci gaba da gudu.

Da ta kai ƙarshe, saura rabin awa. Ta dubi hagu, ta dubi dama. Kowa yana ta fama. Sai ta ji tana son a ga ita ce ta fara fita. Ta miƙa takardunta, ta fice tana taku ɗai-ɗai.

A gida Kaka ya tambaye ta, "Kin duba?"

"Sau biyu ma," in ji ta.

Wannan kuwa ba gaskiya ba ne.

Bayan mako guda aka manna sakamako. Likita ta sami maki talatin da takwas. Sunanta yana jerin 'yan share fage.

Ta dawo gida tana kuka. "Cutata aka yi, Kaka! Wallahi na san amsoshin."

Kaka ya miƙe. Ya ɗauki tabarau da sanda.

"Baba, don Allah a bi a hankali," in ji mahaifiyarta.

"A hankali? Yarinyar da na koyar da hannuna? Talatin da takwas? Likita, taso mu je!"

Ofishin jarrabawa ɗaki ne mai doguwar kanta da benci ɗaya. Wani ma'aikaci yana zaune a bayan kantar.

"Ina son ganin takardar jikata," in ji Kaka.

"Baba, na'ura ce take duba takardun. Ba ta kuskure."

"Wa ya ƙera na'urar? Aljani?"

"Ba ma nuna wa kowa takarda."

"To, yau za ku fara!" Kaka ya buga sandarsa a ƙasa. "Kun cinye wa yarinya shekara guda, ku ce ba za ta ga dalili ba? Ni ban taɓa kayar da yaro na ɓoye masa takardarsa ba."

Ya zauna a kan benci, ya gyara rigarsa. "Ba inda za ni. Ni ɗan ritaya ne. Lokaci gare ni har da na kyauta."

Hayaniyar ta fito da shugabar ofishin. Ta saurari Kaka har ya gama. Ta sa aka ɗauko takardun Likita duka biyu, da jerin amsoshin da suke daidai.

Kaka ya sa tabarau. Ya ɗora yatsa a layi na ɗaya.

"Daidai. Na biyu, daidai. Na uku, daidai. Kuna gani ko?"

Haka ya yi ta yi har layi na goma sha ɗaya. A na goma sha biyu yatsansa ya tsaya. Ya dubi takardar tambayoyi. An zagaye ta goma sha biyu, ba a amsa ta ba. Ya dubi takardar amsa. Layi na goma sha biyu a cike yake. Ya gangara ƙasa. Layi na sittin babu komai.

"Likita, zo nan," ya ce a hankali. "Kin tsallake tambaya, amma ba ki tsallake layinta ba. Amsar sha uku tana gidan sha biyu. Ta sha huɗu tana gidan sha uku. Haka har ƙasa."

Ya juya ga shugabar. "Amma ai kin ga ta sani! A matsar da su layi ɗaya mana."

"Malam," in ji ta, "da kai kake dubawa, za ka matsar?"

Kaka ya dubi takardar. Can ya ce, "Ba zan matsar ba."

Ya sake duban jikarsa. "Wanda ya duba sau biyu, ta yaya bai ga layin ƙarshe a buɗe ba?"

Likita ta sunkuyar da kai. "Ban duba ba, Kaka. Ko sau ɗaya. So nake a ga na riga kowa fita. Na yi maka ƙarya. Ba wanda ya cuce ni."

Kaka ya cire tabarau. Ya taka zuwa wurin ma'aikacin.

"Ɗana, na yi maka ihu a kan laifin da ba naka ba. Ka yi haƙuri. Amma maganar ɓoye takarda, ina nan a kan bakana."

Shugabar ta yi murmushi. Ta ce da Likita, "Ran Asabar akwai zama na biyu, na waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya kawo ƙorafi ma yana iya shiga, sau ɗaya tak. Abin da kika samu shi ne naki, ko ya fi wannan ko bai kai ba. Kin yarda?"

"Na yarda," in ji Likita.

Ran Asabar ta zauna. Kafin ta cike kowace da'ira, sai ta haɗa lambar tambaya da lambar layi. Da ta gama, ta koma farko. Ta kama kurakurai biyu, ta gyara. Ba ta tashi ba sai da aka ce a ajiye fensir.

Da sakamako ya fito, tare suka je gaban allon sanarwa. Maki tamanin da takwas! Sashen likitanci!

Likita ta yi tsalle. Kaka kuwa ya ɓata fuska.

"Tamanin da takwas? Ina sauran sha biyun? Mu je ofis!"

Ta riƙe masa hannun riga tana dariya. "A'a, Kaka! Waɗannan na san inda suka tafi. Ni ce ban iya su ba."

"Madalla," in ji Kaka. "Yanzu kin isa shiga jami'a."

Yara, sani kaɗai ba ya wadatarwa. Ku duba aikinku kafin ku miƙa. In kuma abu ya ɓaci, ku faɗi gaskiya, ku fara binciken kanku kafin ku ɗora wa wani laifi.